Abin da Aka Tattauna kan Agajin Gaggawa Kafin Isa Asibiti

Ga abin da na tattaro daga bayanan 'yan'uwa.

An yi ittifaƙi a kan:
1. Zubar jini ne abin fara tarewa. A danne raunin da ƙarfi. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin, a rubuta lokacin.
2. Maganin tranexamic acid, mai rage zubar jini. Binciken CRASH-2 na 2010, kan majinyata sama da 20,000, ya nuna yana rage mutuwa idan an bayar cikin awa 3 da samun rauni. Bayan nan amfaninsa ya wuce. Wannan batu ya fi damuna, domin jinkirin hanya kan cinye awannin.
3. Idan zuciya ta tsaya, a danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, ko da ba a hura baki ba.

Inda aka rabu:
Allurar adiranalin ga wanda zuciyarsa ta tsaya. Binciken PARAMEDIC2 na 2018 a Birtaniya ya ga ƙarin waɗanda suka rayu, amma da yawansu ƙwaƙwalwa ta samu illa. Wasu sun ce rai ne gaba, wasu suka ce a sake nazari.

Ƙarin jini cikin motar asibiti ma ba a tsaya kan magana ɗaya ba.