"Can" ko "may": wacce ce kalmar neman izini a Turanci?

Malamin firamare mai ritaya: Na shekara 30 ina koyar da Turanci, kuma har gobe ina kan bakana cewa wanda ya ce "Can I come in?" bai nemi izinin kowa ba, tambaya kawai ya yi ko ƙafafunsa za su kai shi ciki. Kalmar "can" ta iyawa ce, "may" kuwa ta neman yardar mai wuri ce. Shi ya sa idan yaro ya tsaya bakin aji ya ce "can", nakan amsa masa cewa iyawa kam ya iya, amma ban lamunce masa ba.

Malama mai nazarin harshe: Baba Malam, a gafarce ni, tarihin kalmomin bai goyi bayanka ba. A tsohon Turanci "may" ce ke nufin ƙarfi da iko, tushensu ɗaya da "might", ita kuwa "can" daga "cunnan" ta fito, wato sanin yadda ake yin abu. Ke nan ita ma "may" daga baya ta ɗauki ma'anar izini, kuma idan an yarje wa ɗaya ta sauya ma'ana, ban ga hujjar hana ɗayar ba. A Ingila da Amurka yau manya da yara suna neman izini da "can" ba tare da kowa ya ga rashin ladabinsu ba, wajen hani kuma "can't" ake ji, "mayn't" ta kusa ɓacewa daga bakin mutane.

Lauya: Malama, a hira na yarda da ke, amma a rubutun doka lamarin ya bambanta, domin a cikinsa "may" tana ba mutum zaɓi, ya yi ko ya bari, saɓanin "shall" mai wajabtawa, kuma da wuya mai tsara doka ya sa "can" a gurbinta.

Malama mai nazarin harshe: Gaskiya ne, Barista, sai dai wannan yaren kotu ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsoron "can" ya sa ɗalibanmu suke cewa "May you help me?" da nufin ladabi, alhali Bature ba ya roƙo haka. "May you" addu'a ce, kamar a ce Allah ya ja kwana; roƙon taimako da "can you" ko "could you" ake yi.

Malamin firamare mai ritaya: Wannan kuskuren na sha jin sa, 'yata, kuma mai yiwuwa mu malamai muka jawo shi. Duk da haka, mu da muke cewa "ko zan iya shiga?" mun san ba daidai take da "a yi mini izini" ba a gaban hakimi. Ga tsara ka ce "can", ban hana ba. Ranar ganawar neman aiki kuwa, jikana "may" zai ce.