Mama ta yi shiru tun da ta koma Legas, in tura mata waƙoƙi?

Salama gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu. Bayan rasuwar Baba, Yaya ya ɗauke ta daga Kafanchan zuwa wurinsa a Legas. Ba ta rasa ci da sha ba, amma shi da matarsa tun asuba suke fita, sai dare. Majami'arsu kuma da Turanci ake komai. Matar da ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'armu, ana amsa mata, yanzu in na kira, daga "lafiya lau" sai shiru. Ina Jos, ba ni da halin zuwa. Ina so in riƙa tura mata waƙoƙin yabo, amma ina tsoron in fama mata ciwo. Me kuka gani?

'Yar Zumunta: Sannu 'yata, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Ki tura, amma ba na situdiyo ba. Ki kira Uwar Zumuntarsu, ranar koyon waƙa a ɗauka a waya, da tulu da caki da ganga, har da guɗa. Kafin su fara, kowace ta gaishe ta da sunan da suka saba kiranta. Muryoyin nan ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta san mai saurin shiga amshi, ta san mai jan baiti. Kewar mutanenta ke damunta.

Mai koyar da mawaƙa: In ba ta saba da babbar waya ba, WhatsApp wahala zai zame mata. Ki sayi ƙaramin rediyo mai caji da ake sa wa memori, ki cika, ki ba direba a tasha. Ki haɗa da littafin waƙoƙinta in ta baro shi gida. In kin kira, ki faɗi lambar waƙa ki fara baitin farko, ki bar mata amshi.

Wani ɗan'uwa: Ni dai a yi hattara. Mahaifina ya ji waƙar da aka yi a jana'izar mamarmu, ranar ko abinci bai ci ba. Ki fara da na Kirsimeti da na godiyar girbi. In kuma ba ta barci ko tana ramewa, likita ya gan ta.

'Yar Zumunta: Gaskiyarka, amma kuka ba laifi ba ne, gwauruwa na bukatarsa. A 1 Sama'ila 16:23 Dawuda ya kaɗa garaya, sarki ya sami sauƙi, amma a gabansa yake zaune. Yaƙub 1:27 ma ziyarar marayu da gwauraye ya ce. Yayanki ya nemo majami'ar da ake sujada da Hausa, ECWA ko COCIN, ya kai ta ko sau ɗaya a wata. Ranar da ta ɗaura zanen Zumunta ta tsaya cikin mata, za ki ji bambanci a muryarta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na kira Uwar Zumunta, ta ce za su ɗauka a wannan makon. Saura maganar Yaya. Ta yaya zan faɗa masa ba tare da ya ga kamar na raina ƙoƙarinsa ba?