Abincin Sallah ga wanda zai yi ta shi kaɗai a Kano

Baƙon Tarauni ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da yayye a kan wata matsala da ta fara damuna tun da azumi ya shiga goman ƙarshe. Ni ma'aikacin lafiya ne, iyayena da 'yan uwana duk suna Gumel, kuma bana an sa ni aikin dare a ranar Sallah da washegarinta, saboda haka babu halin tafiya gida. Ɗaki ɗaya nake haya a Tarauni, kayan girkina kuwa gas ne mai kai ɗaya, tukwane biyu da kasko, sai wani ƙaramin firji da ban yarda da shi ba domin wuta ba ta zama.

Bara ma haka ta faru, kuma na yi wauta. Na dafa shinkafa rabin kwano da miya tukunya guda, ina ganin na huta har kwana uku, amma da na dawo daga aiki washegari na ɗaga murfi, sai na tarar miyar ta yi kumfa, shinkafar kuma tana yauƙi. Masu sayar da abinci a layinmu duk sun rufe, na wuni ranar Hawan Daushe da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Me mutum ɗaya zai girka cikin sauƙi, wanda zai ji a bakinsa cewa Sallah ake yi, ba tare da ya yi asara ba?

Uwar Gida Gwammaja ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba da ladan aiki. Kuskuren da ka yi bara shi ne ka yi girkin gidan mutum goma alhali cikinka ɗaya ne, kuma ka haɗa komai da ruwa tun ranar farko, shi kuwa ruwa shi ne yake jawo lalacewa. Ka sayi kaza ɗaya matsakaiciya ana jibi Sallah, domin ranar jajibere kuɗinta yakan tashi, kuma ranar jajiberen ka sa a fige maka ita a yanka gida takwas. Ka wanke ta, ka tafasa da albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari biyu ko uku da gishiri, ruwan kada ya wuce ya sha kan naman. Idan ta yi laushi ka tsame, ka bari ta tsane sosai, sannan ka soya a man gyaɗa har ta yi ja. Soyayyen nama da ya bushe da kyau yakan kwana biyu lafiya a kwanon da iska take shiga, amma kada ka ƙulle shi a leda da zafinsa.

Bayan haka sai kayan miya. Tumatir shida, tattasai uku, attaruhu biyu da albasa babba ɗaya sun ishe ka. Idan kana da hali ka leƙa 'Yankaba da safe za ka same su da araha, amma ga ɗan wannan adadi mai teburin bakin layi ma ya wadatar. Ka kai markaɗe, ka dafa har ruwan ya ƙone ƙurmus, sannan ka zuba a man da ka soya kazar ka yi ta juyawa har mai ya taso sama ya rufe shi. Wannan soyayyen kayan miya shi ne jarinka na kwana uku, kullum ka ɗebi cokali uku ko huɗu ka yi abin da kake so da shi.

Ranar Sallah da kanta ni dai ba na ganin akwai abin da ya kai waina da miyar taushe, kuma taushe ba ta da wuyar da maza suke ɗora mata. Ka sayi yankan kabewa kamar tafin hannunka, ka fere, ka dafa a romon kazar har ta narke ka murƙushe ta da bayan ludayi. Ka zuba kayan miyarka, daddawa ƙulli ɗaya da ka daka, da niƙaƙƙiyar gyaɗa cokali biyu da ka dama da ruwa, ka bar su su yi kauri, daga ƙarshe ka watsa alayyahu da ɗan yakuwa ka sauke bayan minti 5. Wainar kuwa kada ka wahalar da kanka da jiƙa shinkafa da neman tanda. Ka ba mai wainar unguwarku kuɗin guda goma tun ana gobe Sallah, ka karɓa a hanyarka ta dawowa daga Idi. Romon da ya rage ka tafasa shi kafin ka fita aiki, ka sake tafasawa da ka dawo, washegari ka yi dafa-duka da shinkafa gwangwanin madara ɗaya da rabi, wadda za ka cinye a zama biyu.

Tsohon Gwauro na Fagge ya amsa:

Malam, Hajiya ta gama magana a kan kaza da kayan miya, ba ni da abin ƙarawa. Sai dai a kan taushe zan ɗan saɓa mata, tare da neman afuwarta, domin na yi shekara shida ina Sallah ni kaɗai kafin Allah ya yi mini aure. Miyar da take da gyaɗa da ganye ba ta jure zafi, kuma ƙaramar Sallah a waɗannan shekarun cikin bazara take faɗowa. Ta 2024 a watan Afrilu aka yi ta, lokacin da zafin Kano yake kai maki 40, kuma kimanin kwana 11 kacal take matsowa baya a kowace shekara. Idan za ka yi taushen, ka yi wadda za ka gama da ita a ci biyu, rana da yamma, kada ka bar ko cokali ɗaya ya kwana.

Abin da ya rufa mini asiri a wancan lokaci shi ne gurasa. Mu a Kano ba ma raina ta, kuma wanda ya san Jakara ya san inda ake fito da ita daga tanderu da zafinta. Ka sayi guda huɗu ana gobe Sallah, ka ajiye garin ƙuli-ƙuli mai yaji a kwalba. Duk lokacin da yunwa ta taso, ka tsoma gurasar a ruwan ɗumi ka cire nan take, ka shimfiɗa a faranti, ka barbaɗa ƙuli-ƙuli, ka yaryaɗa man gyaɗa, ka yanka albasa da tumatir da kokwamba a kai, ka ɗora cinyar kaza a gefe. Bandashe ke nan, ba ya cin minti 10, kuma ga wanda ya kwana tsaye a wurin aiki ya dawo ido na rufewa, wannan ya fi kunna gas. Shinkafa kuwa, duk wadda ta wuni a tukunya a rufe cikin wannan zafi, ka zubar da ita ko da ba ta yi wari ba. Kai ma'aikacin lafiya ne, ka fi ni sanin abin da take yi wa ciki.

'Yar Ƙofar Mata ta amsa:

Yaya, ni abin sha da kayan ƙwalama zan tuna maka, domin su ne suke bambanta abincin Sallah da na sauran ranaku. Ka tanadi dabino ka ci uku ko biyar kafin ka fita masallacin Idi, tun da sunna ce a ƙaramar Sallah mutum ya ci wani abu kafin ya tafi. Zoɓo kuwa gwangwani ɗaya ya ishe ka: ka ɗauraye shi, ka tafasa da citta da kanumfari, ka tace, amma kada ka sa sukari sai a kofin da za ka sha, domin mai sukari shi ne yake saurin tsami. Ƙanƙara ka saya a maƙwabta. Cincin da dubulan da alkaki duk ana sayar da su a ƙulle, ka sayi kaɗan ka zuba a faranti, ko don yaran da za su shigo barka da Sallah.

Akwai kuma abin da nake ganin ba ka lissafa ba. A unguwannin Kano da wuya a bar baƙo babu kwanon Sallah, idan dai an san yana nan. Wataƙila bara maƙwabtanka sun ɗauka ka tafi gida ne, ganin ƙofarka a rufe. Ka gaida mai gidan da kake haya bayan sallar asham, ka faɗa masa a cikin hira cewa bana a nan za ka yi Sallah, ba sai ka roƙi komai ba. Idan kwano ya zo, ka wanke shi ka mayar da 'yan lemo ko dabino a ciki.

Baƙon Tarauni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan bi tsarin kazar yadda kika faɗa, taushen kuma zan yi ta ci biyu kamar yadda Malam ya ja kunne, gurasa ta tsaya mini ranar da zan dawo daga aikin dare. Maganar ƙanwata ma gaskiya ce, domin bara ko sallama ban yi wa kowa ba, na shige ɗaki na ja ƙofa. Tambaya ɗaya ta rage mini, Hajiya: gyaɗar taushen ɗanya ake niƙawa ko soyayya?

Uwar Gida Gwammaja ta amsa:

Ɗana, kowacce ana yi da ita. Ɗanya ta fi ba da kauri amma tana son wuta ta ɗan jima kafin gafinta ya fita. Kai da kake sauri, ka sayi markaɗaɗɗiyar gyaɗar kunu a wurin masu ƙuli-ƙuli, ka dama cokali biyu da ruwan ɗumi kafin ka zuba, in ba haka ba za ta yi maka gudaji.