Shawarwari kan asusun FSA ga ma'aikata a Amurka

Waɗanda suka daɗe suna aiki a Amurka sun yarda cewa amfanin asusun FSA, wato asusun da ma'aikaci ke ware kuɗi a ciki ta wurin aikinsa don biyan kuɗin lafiya ko na rainon yara, shi ne ana cire kuɗin daga albashi kafin a yanke haraji. Sai dai abin da ya rage a ƙarshen shekara yakan salwanta, in ban da wurin aikin da ya amince a tsallaka da wani abu, wanda bai wuce dala 660 ba a 2025, ko ya ƙara wa'adi zuwa 15 ga Maris. Don haka mafi yawansu suka ce kada mutum ya ruɗu da iyakar asusun lafiya, wadda ta kasance dala 3,300 a 2025, ya lissafa abin da ya tabbata zai kashe, kamar tabarau da gyaran haƙori, domin kada Disamba ta same shi a kantin magani yana lodin bandeji da ma'aunin zafi ba don buƙata ba.

An fi jan hankali kan asusun rainon yara, wanda iyakarsa a 2025 dala 5,000 ce ga gida guda, kuma na yaran da ba su kai shekara 13 ba ne. Kuɗin lafiya suna samuwa gaba ɗaya tun ranar farko, amma na raino sai gwargwadon abin da aka riga aka cire, abin da kan ba sababbin zuwa mamaki. Sansanin yara na yini yana cikin abin da asusun ke biya, na kwana kuwa babu. Aka ƙara da cewa a ajiye kowane rasit tare da lambar harajin mai rainon, domin hukumar haraji ta Amurka, IRS, tana buƙatarta.