Dogon rubutu a QLabel yana faɗaɗa tagar manhaja

Mai tambaya daga Gusau: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa wani shagon magani manhaja da Qt (kayan aikin haɗa manhajojin kwamfuta), amma duk lokacin da sunan magani ya yi tsawo a QLabel, wato akwatin da ke nuna rubutu a tagar manhajar, sai tagar ta faɗaɗa, ta ƙi tsukewa. Yaya zan yi?

Amsa daga Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, Malam. QLabel yana neman faɗin da zai ɗauke rubutunsa duka, shi ya sa yake tura tagar. Ka kunna setWordWrap, rubutun zai gangaro layi na biyu.

Amsa daga Talata Mafara: Ni dai ban so hakan a jerin magunguna ba, domin tsayin layuka zai bambanta, ido ya gaji. Gara ka mayar da QSizePolicy (ƙa'idar girman akwatin) na faɗi zuwa Ignored, don QLabel ya daina tura tagar, sannan ka datse sunan da elidedText, ɗigo uku su tsaya a ƙarshensa.