An leƙa cikin jijiyar kafin a sa muku sitent?

Abban Walida, Hotoro: Assalamu alaikum. Yayana yana kwance, ciwon ƙirji ya kama shi a shago, gwajin jini ya nuna bugun zuciya ne. Likita ya ce za a yi masa anjiyogiram, wato hoton jijiyoyin zuciya da ake ɗauka bayan an zuba musu ruwan rini, kuma in ta kama a sa sitent, ɗan bututun ragar ƙarfe da ke riƙe jijiya a buɗe, yana so ya zura wata na'ura mai suna IVUS cikin jijiyar ya ɗauki hoto, da ƙarin kuɗi masu kauri. Wanda aka yi wa, ko aka yi wa nasa, don Allah ya faɗa mana: tana da amfani, ko ƙarin caji ne kawai?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ni a Indiya aka yi min, idona biyu, ta wuyan hannu aka shiga. A hoton farko likitan ya zaɓi sitent ƙarami. Da ya zura na'urar sai ya ga jijiyar ta fi haka faɗi, kitse ne ya cika bangonta, ga wani wuri da ya ƙandare. Ya canja babba. Bayan ya saka ya sake leƙawa, ya ce tsakiyar bai buɗe sosai ba, ya ƙara hura balan-balan ɗin da ke buɗe sitent ɗin. Ban ji wani zafi na daban ba, lokaci ne dai ya ɗan ƙaru.

Likitan Gwale: Abin da Alhaji ya faɗa shi ne zancen. Anjiyogiram inuwar ruwan da ke bin bututu yake nunawa, ba ya nuna bangon bututun. IVUS da sauti take aiki daga ciki, tana auna faɗin jijiya da tsawon inda ya lalace, sannan ta nuna ko sitent ya buɗe ya manne da bango. Sitent ɗin da bai buɗe ba yana cikin manyan dalilan da ke sa jini ya daskare a cikinsa ko wurin ya sake tsukewa. A 2024 mujallar Lancet ta buga wani bincike a kan mutum 3,505 masu irin wannan ciwon a Sin, Italiya, Pakistan da Birtaniya. Cikin shekara guda, matsala ta taso a jijiyar da aka gyara ga kashi 4 cikin 100 na waɗanda aka yi wa da IVUS, sauran kuwa kashi 7.3. Amfanin ya fi fitowa idan toshewar doguwa ce, ko a mararraba take, ko a babbar jijiyar hagu. Ku tambayi likitansa wacce iri ce tasa.

Maman Sadik, Rijiyar Zaki: Maigidana yana da suga, ƙodarsa ma ba ta da ƙarfi. Akwai wata ɗayar, OCT, mai aiki da haske, an ce hotonta ya fi fita tar, amma sai an kore jinin wurin da ruwan rinin nan, shi kuwa yana wahalar da ƙoda. Shi ya sa aka yi masa IVUS. Abban Walida, ku tabbata an duba ƙodar Yaya tukuna.

Bash na Fagge: Ni OCT ɗin aka yi min a Alƙahira, ina da shekara 38, kuma a lokacin ina shan sigari. Suka ce kitsen bai fashe ba, saman bangon ne ya sale, gudan jini ya taru a kai. Ba a sa min sitent ba, magani aka ɗora ni a kai da sharaɗin dawowa a duba. Kada wani ya ɗauka nasa ma haka ne fa, sai an gani.

Anti Larai, Kurna: Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Mahaifinmu maganin olsa aka yi ta ba shi a wani kemis, ga gumi, ga ciwo har hannun hagu da muƙamuƙi. Kafin a kai shi a yi masa ECG, gwajin da ke nuna yadda zuciya ke bugawa, naman zuciyar ya riga ya illata. In likita ya ce jijiyar ta toshe gaba ɗaya, kada a tsaya neman asibiti mai kyamara ko jiran biza, a buɗe ta da abin da ke akwai.

Malam na Dorayi: Gaskiyarki, Hajiya. Nawa ba a yi da na'urar leƙa cikin jijiya ba, toshewar gajera ce, kuma alhamdu lillahi ina zuwa aiki. Abin da likita ya ja min kunne a kai shi ne asfirin da kulofidogirel, magungunan hana jini daskarewa, shekara guda ba fashi, ko haƙori za a cire min sai na sanar da shi. In kuɗin IVUS zai cinye na maganin, ku faɗa wa likitan ƙarara.

Likitan Gwale: Ranar sallama ku karɓi rahoton aikin da faifan hoton, a rubuta muku faɗin sitent da tsawonsa da jijiyar da aka sa shi. Duk likitan da zai duba shi nan gaba zai nema.