Makaranta a rufe, yaro mai otizim a gida: yaya zan riƙe masa karatunsa?

Uwar yara uku, Garin Malam

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure a kan ɗana na tsakiya, mai shekara 8, wanda likita a Yamai ya tabbatar mana shekara biyu da suka wuce cewa yana da lalurar otizim, wadda wasu gidajen rediyo ke kira galahanga. Yana magana kaɗan-kaɗan, yawanci maimaita abin da aka faɗa masa yake yi, kuma ba ya jure sauyi ko da na wurin ajiye takalminsa ne. Bara ya gama ajin CI, wato ajin farko na firamare, da taimakon wata malama mai haƙuri, har ya soma gane haruffa, yana ƙirga zuwa 30.

Tun da aka ba su hutu na rataya masa kalanda a ɗaki, na zagaye ranar 2 ga Oktoba da jan biro, kullum da safe yana soke rana ɗaya. Sai gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoban 2024 saboda ambaliya. Ba ni da ƙorafi a kan ɗagewar, domin duk wanda ke Damagaram ya ga abin da ruwan bana ya yi, har tsohon masallacin Birni ya rushe a farkon Satumba, kuma a azuzuwan makarantarsu yanzu haka akwai iyalan da gidajensu suka faɗi. Amma shi yaron bai san wannan ba. Ranar 2 ga wata ya tashi tun asuba, ya sa rigarsa, ya rataya jaka, ya tsaya a zaure har hantsi. Da na ce masa babu makaranta, sai ya zauna yana buga ƙeyarsa da bango, ya ciji bayan hannunsa har ya yi shaida.

Tun ranar barcinsa ya lalace, haruffan da ya sani suna zubewa. Na gwada zaunar da shi awa biyu da safe kamar yadda ake yi a aji, ya yaga littafin, ni ma na yi masa tsawar da har yanzu nake nadamarta. Kakarsa ta wajen uba ta dage cewa iska ce ta motsa, maƙwabciyata kuma ta ce in saya masa maganin ruwa mai sa barci. Ni ba malama ba ce, karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare. Me zan koya masa, na tsawon wane lokaci, kuma ta yaya zan sa ya zauna ba tare da duka ba?

Tsohon malamin firamare, Birni

Wa alaikumus salam. Ƴata, Allah ya ba ki ladan wannan ɗawainiya. Na yi shekara 31 da alli a hannuna, kuma zan fara da abin da ke ci mini rai: a shekaruna na farko na sa wa yara irin naki bulala, ina zaton kunnen ƙashi ne, alhali ba su fahimci abin da nake so ba ne. Babu ɗaya cikinsu da bulala ta koya wa harafi. Saboda haka ki ajiye maganar duka gefe, kuma kada ki ƙara azabtar da kanki a kan tsawar da ta riga ta wuce.

A ganina haruffa ba su ne babbar asarar da yaron ya yi ba. Makaranta tana ba shi ranar da ya san farkonta da ƙarshenta: hanya ɗaya, benci ɗaya, ƙararrawa a lokaci ɗaya. Wannan tsarin ne ya ɓace masa, kuma sai an maido da shi kafin karatu ya zauna. Gidan Bahaushe kuwa yana da agogon da ba ya ɗagewa, wato kiran salla. Ki ɗaure ranarsa da shi. Bayan kari da safe, zama na farko. Bayan azahar da abinci, hutu a inuwa. Bayan la'asar, zama na biyu. Bayan magariba babu karatu, sai wanka da shimfiɗa. Ki sami kwali ki yanka gida shida ko bakwai, ki zana buta, da kofin koko, da allo, da tabarma, ki jera su a bango daidai tsayinsa, duk abin da aka gama shi da kansa zai cire hotonsa ya jefa a kwano. Zanen ba sai ya yi kyau ba, matuƙar bai canza ba.

Awa biyu ta yi yawa ko ga yaron da ba shi da lalura. Ki fara da minti goma, a kan tabarma guda, a kusurwa guda, fuskarsa na kallon bango don kada shige da ficen tsakar gida ya ɗauke masa hankali. Ki ajiye kwanoni uku a hagunsa, kowanne da aiki ɗaya a ciki: na farko murafan kwalba da zai raba launi-launi, na biyu ƙwallayen dabino da zai ƙirga a kan lambobin da kika rubuta, na uku faifai da rairayi da zai zana harafi da yatsa. Idan ya gama kwano ya mayar da shi damansa. Da idonsa zai ga aikin yana raguwa, ya san yana da ƙarshe, kuma wannan sanin ne ke zaunar da su. Ki sa abin da ya riga ya iya a kwanon farko da na ƙarshe, sabon abu a tsakiya. Ki tashe shi tun yana jin daɗi, kada ki jira sai ya gaji.

Abu ɗaya da nake jan kunnen iyaye a kansa shi ne lissafin kuɗi. A aji ana ce masa tamma 100 da Faransanci, a gida kuma kina aikensa da dala ashirin, alhali ƙwandala ɗaya ce. Yaro mai otizim yana riƙe kalma yadda ya ji ta, don haka kada ki haɗa masa biyun yanzu. Ki ƙirga da abin da ake taɓawa, ki bar kuɗi sai gaba. Umarni kuwa ki ba shi da Hausa, gajere, kalma biyu ko uku, ki yi shiru ki ƙirga goma a zuciyarki kafin ki maimaita.

Tela, Sabon Gari

Ranka ya daɗe Malam, na karanta bayaninka sau biyu kuma na ƙaru, amma ina roƙon izini in ƙara abu ɗaya daga wani ɓangaren, domin ba kowane yaro ne tabarma ke riƙewa ba. Nawa ɗan ba otizim gare shi ba. Likita ya kira lalurarsa TDAH da Faransanci, wato ƙarancin mai da hankali haɗe da ƙiriniyar da ta wuce misali, kuma bai yanke hukunci ba sai da ya tabbatar abin ya haura wata shida, ana ganinsa a gida da makaranta duka. Lokacin da aka rufe makarantu saboda korona, daga 20 ga Maris zuwa 1 ga Yunin 2020, yana CE1, wato aji uku na firamare, kuma a shagona ya yi waɗannan makonni.

Kuskuren da na yi, wanda nake fatan Yaya ba za ta maimaita ba, shi ne miƙa masa waya don in sami sararin ɗinki. Kwanakin farko shiru kamar ba shi a shagon. Kafin mako uku ya daina taɓa littafi, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta caji ya ƙare, sai shagon ya koma filin daga. Na sha wahalar raba shi da ita fiye da wahalar da na guje wa tun farko.

Abin da ya yi mana aiki shi ne na daina yaƙi da motsinsa. Ina ba shi tef ɗin awo ya auna yadi ya faɗa mini santimita nawa, ya ƙirga maɓallai goma-goma ya zuba a gwangwani, ya karanta layi biyu a tsaye sannan ya ruga bakin titi ya dawo. Idan na ce masa "ɗauko almakashi ka rufe ƙofa ka kira ƙanenka", na farkon kawai yake riƙewa, shi ya sa na koma saƙo ɗaya a aike ɗaya. Kuma yabo a take yake so, ba alkawarin kayan salla ba. Yaya, idan naki yana da abin da yake ƙauna ƙwarai, ko murfin tukunya ne, ki shigo da karatun ta nan.

Ma'aikaciyar jinya, Zango

Ƴar uwa, na fi son in fara da maganin barcin nan, domin shi ne ya fi gaggawa. Kada ki ba shi. Magungunan da ake saya a hannun masu talla ko a ba yaro ba tare da takardar likita ba suna iya danne numfashi, wasunsu kuma suna ƙara wa yaro firgita maimakon su kwantar da shi. Matsalar barci ta zama ruwan dare ga masu otizim, kuma matakin farko shi ne lokacin kwanciya ɗaya kullum, rage barcin rana, da kashe waya da talabijin tun magariba. Idan hakan bai wadatar ba, likita ne zai duba.

Buga kai da cizon hannu, a wurin yaron da kalmominsa ba su da yawa, sau da dama magana ce. Kafin a ɗora komai a kan rufe makaranta, a duba haƙoransa da kunnuwansa, a lura ko yana fama da taurin bayan gida, a gwada shi zazzaɓin cizon sauro tunda lokacinsa ne. Ciwon da ba zai iya faɗa ba yakan fito ta wannan hanya. Idan abin ya taso, ki sa matashi tsakanin kansa da bango, ki rage hayaniya, ki kori ƴan kallo, ki yi ƙasa da murya. Ki riƙa rubuta abin da ya faru dab da tashin abin, bayan mako guda za ki iya ganin ko ƙarar injin niƙa ce, ko yunwa, ko baƙi. Idan kuwa kika ga yana ƙamewa, ko idonsa ya kafe ba ya amsawa, ki kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu otizim fiye da sauran yara, kuma tana da magani.

Game da Hajiya kakarsa, ba na ganin amfanin jayayya da ita, ƙauna ce ta sa take neman mafita. Addu'a da tofi ba su hana komai ba. Abin da za ki tsaya a kansa da ladabi shi ne kada a ɗaure shi, kada a dake shi da sunan fitar da iska, kada a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki. Ki sa mahaifinsa ya yi mata bayani cewa lalura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke girma, gado yana da babban hannu a ciki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, an kuma fi gano ta ga maza. Ba laifin tarbiyya ba ce, ba kuma allurar rigakafi ke kawo ta ba: rahoton 1998 da ya yaɗa wannan zargi a Ingila, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Tsarin hotuna da kwanonin da Baba Malam ya kawo yana da asali mai ƙarfi. Kusan haka ake yi a shirin TEACCH na koyar da masu otizim da jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta kafa a 1972, kuma tushensa shi ne yawancin waɗannan yara sun fi riƙe abin da suka gani a kan abin da suka ji. Inda zan ƙara shi ne kalandar. Kada ki sake zagaye rana guda a matsayin alkawari, tunda ba a hannunki take ba. Ki yi kati biyu, ɗaya hoton gida ɗaya hoton makaranta, kowane dare ki nuna masa na gobe kawai. Kuma tun yanzu ku riƙa bin hanyar makarantar da la'asar, ku tsaya a bakin ƙofa ku dawo. Ki nemi ganin shugaban makarantar kafin ranar komawa, ki tambayi wanda zai riƙe CP, wato aji biyun da zai shiga, ki roƙi a ba shi benci na gaba nesa da taga. Wannan ba alfarma kike nema ba, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2008, kuma sashe na 24 yana magana ne a kan karatunsu tare da sauran yara.

Uwar yara uku, Garin Malam

Baba Malam, Yaya ma'aikaciyar jinya, da ɗan uwana tela, Allah ya saka muku da alheri. Yau kwana biyar da na kafa kwalayen. Kwana biyun farko ya cire su duka lokaci guda ya zuba a kwano, a rana ta uku ya jira sai da ya sha koko sannan ya cire kofin. Zaman bai kai minti goma ba tukuna, muna kan shida ko bakwai, kuma faifan rairayi ya fi so, jiya ya zana harafin farko na sunansa sau huɗu ba tare da na riƙe masa hannu ba. Mun kai shi an duba, ashe akwai haƙorin da ya rube a can ciki, an ba mu ranar da za a cire. Maganin barcin ban saya ba.

Abin da ya rage mini shi ne ƴan uwansa. Yayarsa mai shekara 11 tana son ta riƙa koya masa, amma tana da saurin fushi, autan kuma da ya ga an shimfiɗa tabarma sai ya zo ya kwashe ƙwallayen dabinon. Baba Malam, shin in sa yayar a cikin zaman la'asar tun yanzu, ko in bari sai ya saba da ni tukuna?